Motsi Biyar a Jibralta: Wasan da Hou Yifan Ta Zubar da Gangan

Ranar Alhamis 2 ga Fabrairun 2017 aka buga zagaye na goma, wato na ƙarshe, a buɗaɗɗiyar gasar ces (chess) ta Jibralta, wani ƙaramin yanki a ƙarshen kudancin Sifen, a otal ɗin Caleta da a lokacin yake gindin babban dutsen yankin ta ɓangaren gabas. An tayar da agogo, kowa ya duƙufa kan allonsa, amma kujerar Hou Yifan ba kowa. Abokin karawarta, Lalith Babu na Indiya, yana zaune yana jira, lokacinta kuma yana ta zuba. Sai bayan minti 25 ta shigo. Ita ce mai fararen 'ya'ya. Ta yi motsi biyar, ta miƙa hannu ta sallama wasan.

Wadda ta yi wannan ba 'yar koyo ba ce. Hou, 'yar ƙasar Sin da aka haifa a 1994, ta zama giranmasta, muƙami mafi girma a wasan, tana shekara 14, ta ci kambun duniya na mata a 2010 tana shekara 16. A ranar da ake magana ita ce ke riƙe da kambun, ita ce kuma ta ɗaya a jerin matan duniya, da makin Elo 2651, wato ma'aunin ƙarfin ɗan wasa. Lalith ma giranmasta ne, yana da 2587, yana cikin tawagar Indiya da ta ɗauki tagulla a gasar ƙasashe ta Olimpiyad a Tromso a 2014. Mutum biyu irin waɗannan idan suka zauna, wasan sa'a huɗu ko biyar ake sa rai.

Yadda wasan ya gudana

Ga wanda bai saba da rubutun ces ba: layukan allo na tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa. Sarkin farare yana farawa ne a e1, sarauniyar baƙaƙe a d8.

Motsin farko, Hou ta tura sojan da ke gaban dokin sarki gida biyu, zuwa g4. Wannan buɗi yana da suna, ana ce masa Grob, sunan wani gwani ɗan Suwizalan da ya daɗe yana buga shi. Manya ba sa taɓa shi a wasan gaske, saboda bai kama tsakiyar allo ba, ya kuma sassauta katangar sarki tun ba a je ko'ina ba. Duk da haka akwai masu buga shi don su rikita abokin karawa, kuma wanda ya ga wannan motsi kaɗai zai iya cewa wani shiri ta zo da shi daga ɗaki. Lalith ya amsa da d5, amsar da kowane littafi ke bayarwa: ya kafa soja a tsakiya, ya buɗe wa bishof ɗinsa na c8, ɗan da ke tafiya a karkace, hanya har zuwa kan sojan g4.

Motsi na biyu ne ya fasa ƙwan. Masu buga Grob da gaske sukan fito da bishof zuwa g2, ko su tokare sojan da h3. Ita kuwa sai ta buga f3. A ido, kare sojan g4 ta yi. A zahiri ta toshe wa dokinta gidan da ya fi dacewa da shi, ta kuma buɗe karkataccen layin da ya taso daga h4 ya bi ta g3 da f2 ya dire kan sarkinta. Duk yaron da ya yi mako guda yana koyon ces an nuna masa wannan hoton, domin da g4 da f3 ake haɗa kisan sarki mafi sauri da wasan ke da shi, na motsi biyu. Da a ce Lalith ya fara da e5 maimakon d5, da sarauniyarsa ta sauka h4 nan take an tashi. Yanzu sai ya buga e5 ɗin, hanyar sarauniya ta buɗe, kisa ya rage motsi ɗaya.

A nan akwai abin lura. Hou ba ta bari an kashe sarkin ba. Ta buga d3, ta sama masa ƙofar gudu a d2. Sarauniya ta zo h4 ta kai hari, sarki ya fita d2, ya tsaya a gaban sarauniyarsa, ya tare wa bishof ɗin c1 hanya, ya kuma rasa damar nan ta tsallakawa kusurwa ya fake bayan hasumiya, ɗan da ke farawa a kusurwar allo, har ƙarshen wasa. Lalith ya turo h5 ya sake taɓa g4. Hou ta buga h3, kamar mai ƙara tsaro. Tsaron banza ne. Sojan h3 a ɗaure yake, don idan ya gusa daga layinsa sarauniyar da ke h4 za ta ci hasumiyar h1. Lalith ya ci g4 da sojansa. Idan ta rama da sojan h, hasumiya ta tafi. Idan ta rama da sojan f, bishof ya sake ci a g4, sojan h3 kuma bai isa ya taɓa shi ba saboda wancan ɗaurin. A nan ta tsayar da wasan.

Idan aka ƙirga 'ya'ya, soja ɗaya kawai aka ci mata. Matsayin ya lalace ƙwarai, kuma tsakanin giranmasta biyu da wuya a fita daga irinsa, amma ba allon ne ya tilasta mata miƙa wuya a motsi na biyar ba. Ta buga iya abin da zai sa kowa ya gane da gangan ne, sannan ta tashi.

Abin da ta ce ya ɓata mata rai

Bayan wasan ta zauna da masu shirya gasar, daga baya ta yi hira a gaban kyamara. Ta nemi gafarar 'yan wasa da masu kallo, ta kuma faɗi dalili: cikin zagaye tara da suka gabata, bakwai da mata aka haɗa ta. Zagaye huɗun farko duk mata ne, ciki har da 'yan uwan nan biyu na Yukiren, Anna da Mariya Muzychuk. Daga baya ta haɗu da Pia Cramling ta Suwidin, ta haɗu da 'yar ƙasarsu Ju Wenjun, wadda ta doke ta. Ta ce abin ya yi mata kama da wanda hankali ba zai ɗauka ba, ta ce ta riga ta yi wa jami'an gasar magana kafin ranar, kuma burinta shi ne a tabbatar haɗin 'yan wasa yana tafiya bisa adalci ga kowa.

Wanda bai san halin da take ciki a lokacin ba zai ce, to mene ne abin fushi a buga wasa da mata? Amsar tana cikin abin da ya faru watanni kaɗan kafin nan. A Maris ɗin 2016 Hou ta karɓo kambunta daga hannun Mariya Muzychuk a birnin Lviv da ci 6 da 3, ba a ci ta ko wasa ɗaya ba. Bayan haka ta sanar da ficewa daga tsarin gasar kambun mata, saboda hukumar ces ta duniya, FIDE, ta ƙi sauya shi. A tsarin na lokacin, akan tara mata 64 a yi gasar sili ɗaya ƙwale, wadda ta ci ta zama zakara, ko da mai kambun ba ta shiga ba. Hou ta nemi a yi kamar yadda ake yi a babban kambu, mai riƙe da shi ya kare shi a dogon karo da wanda ya cancanta. Da aka ƙi, ta juya ga gasannin da babu ruwansu da jinsi, inda za ta gwabza da waɗanda suka fi ta ƙarfi. Hanyar da Judit Polgar ta Hungari ta bi ke nan, wadda ba ta taɓa neman kambun mata ba, ta kai ta takwas a duniya baki ɗaya a 2005.

Jibralta kuwa waje ne da Hou ke da tarihi a cikinsa. A 2012, tana shekara 17, ta yi kunnen doki a matsayi na ɗaya da Nigel Short na Ingila, sai a wasan raba gardama ya yi nasara. A wannan gasar ce ta doke Polgar kanta. A 2017 ga Fabiano Caruana, ga Maxime Vachier-Lagrave, ga Hikaru Nakamura, manyan giranmastocin duniya, duk a zaure ɗaya. Ta zo don irin su, sai ta tarar kusan kullum wadda ke gabanta tana cikin mutanen da ta baro gasarsu. Ko wane ne a matsayinta, ransa zai sosu.

Yadda ake haɗa 'yan wasa a buɗaɗɗiyar gasa

Tambayar da ta rage ita ce ko wani ya sa hannu a haɗin. Ba za a iya amsa ta ba sai an san yadda injin ke aiki.

Gasar da ke da mutum sama da 200 da zagaye goma kacal ba yadda za a yi kowa ya buga da kowa. Shi ya sa ake amfani da tsarin Suwis, wanda aka fara gwadawa a Zurich a 1895. Babu wanda ake fitarwa. Bayan kowane zagaye ana tara mutane rukuni-rukuni bisa makin da suka tara, nasara maki ɗaya, canjaras rabi. A cikin kowane rukuni a jera su bisa Elo daga babba zuwa ƙarami, a raba jerin biyu, rabin sama ya kara da rabin ƙasa bi da bi. Idan mutum takwas ne, na ɗaya ya haɗu da na biyar, na biyu da na shida, haka har ƙasa. Sai ƙa'idojin da ke gyara wannan: mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu, ba a ba mutum launi ɗaya sau uku a jere, kuma yawan fararen da ya buga kada ya zarce baƙaƙe da fiye da biyu, ko akasin haka. Idan rukuni ya zama mara, a sauke mutum ɗaya zuwa rukunin ƙasa.

Abu biyu suka fito daga nan. Na farko, jinsi ba ya cikin abin da tsarin ke dubawa. Maki, Elo, launi, da tarihin waɗanda mutum ya riga ya buga da su, shi ke nan. Na biyu, wanda ni a wurina shi ne zuciyar lamarin, tsarin Suwis ba ƙuri'a ba ne. Lissafi ne. Idan aka ba alƙalai biyu sakamako iri ɗaya, ɗaya yana Jibralta ɗaya yana Beijin, kowa ya zuba a manhajar da FIDE ta amince da ita, haɗi iri ɗaya ya kamata ya fito musu.

Wannan ba ya nufin alƙali ba shi da ikon taɓa komai. Manhajojin suna da ƙofar da ake shiga a sauya haɗi da hannu, ko a hana wasu mutum biyu haɗuwa, kuma an sha amfani da ita a gasanni daban-daban, wani lokaci saboda siyasar ƙasashe. Saboda haka zargin Hou ba zargin abin da ba ya yiwuwa ba ne. Sai dai hannun da ya shiga wannan ƙofa dole ya bar sawu, domin duk wanda ya sake lissafin zai ga nasa ya bambanta da wanda aka liƙa a bango.

An kuwa sake lissafin. Wanda ya kafa gasar, Brian Callaghan, ya ce kwamfuta ce ta fitar da haɗin, ba mutum ba. Masu ilimin tsarin da suka ɗauki sakamakon suka bi shi zagaye bayan zagaye sun tarar da haɗin daidai yake da abin da ƙa'ida ta ce. Babu sawun hannu.

To daga ina mata bakwai suka fito? Wani ɓangare na amsar yana cikin gasar kanta. Jibralta ta yi suna ne da ware wa mata kyauta mai tsoka. A shekarar, ta farko a mata tana ɗaukar fam 15,000, alhali zakaran gasar baki ɗaya yana ɗaukar fam 23,000. Wannan kuɗi ya sa mafi yawan manyan 'yan wasa mata na duniya suke hallara a can, fiye da kowace buɗaɗɗiyar gasa. Kuma ba a warwatse suke a jerin Elo ba, sun taru ne a wani yanki, tsakanin 2400 da kusan 2600. Mai 2651 kuwa, matuƙar ba ta tsere gaba ta shiga rukunin su Caruana ba, yawanci a rabin sama na rukuninta take faɗawa, a haɗa ta da na rabin ƙasa, wato daidai yankin da matan suka yi yawa. Duk lokacin da ta yi canjaras ko ta faɗi, sai ta sake komawa cikin ruwan. Wannan bai isa ya sa bakwai cikin tara ya zama abin yau da kullum ba. Abu ne da ba a cika gani ba. Amma a shekara ana buga dubban gasanni, kowace da ɗaruruwan mutane, kuma a cikin wannan yawa dole wani ya ci karo da jerin da zai ba shi mamaki. Da a ce wani ya haɗu da Indiyawa bakwai, ko da masu shekara ƙasa da ashirin su bakwai, da babu wanda ya ƙirga. Wannan karon abin ya faɗo ne kan mutum ɗaya tilo da ke da dalilin ƙirgawa.

Wa ya biya kuɗin

A nan na rabu da masu cewa wasanta ne, makinta ne, ta yi yadda ta ga dama da su. Gaskiya ne ta yi hasara. Tazarar Elo 64 tana nufin lissafi na sa ran ta samu kusan kashi 59 cikin ɗari na makin, don haka faɗuwar ta ci mata kimanin maki shida a Elo, abin da a wannan mataki ba a maido shi da wasa ɗaya cikin sauƙi. Ta kuma yar da duk wata kyauta da nasara za ta iya kawo mata. Babu mai cewa don riba ta yi.

Amma a tsarin Suwis wasa ba mallakar mutum biyun da ke zaune ba ne su kaɗai. Lalith ya samu cikakken maki a zagayen ƙarshe cikin 'yan mintuna. Akwai mutanen da suka shiga zagayen da maki daidai da nasa, suka shafe sa'o'i suna fafatawa, suka tashi da canjaras ko faɗuwa, shi kuma ya haye kansu a teburi. A buɗaɗɗiyar gasa rabin maki a ranar ƙarshe shi ne bambancin wanda zai koma gida da kuɗin jirgi da otal da wanda zai koma da bashi. Mafi yawan giranmastocin da ke yawo daga gasa zuwa gasa ba masu kuɗi ba ne, da irin wannan rabin makin suke ci. A gasannin da ake raba masu maki ɗaya ta hanyar duba makin abokan karawarsu, wasan da aka zubar yana taɓa har waɗanda suka buga da mai zubarwar a baya. Maki ɗaya da aka bayar kyauta yana bin teburi yana ture mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Sai Lalith kansa. An sa shi a tsaka mai wuya ba tare da an tambaye shi ba. Ba zai ƙi cin abin da aka ajiye masa ba, don shi ma doka ta hana shi wasa da wasan. Ya ci kuma, nasara a kan zakarar duniya ta mata ta shiga tarihinsa a matsayin wadda ba zai taɓa nuna wa ɗalibi ba. Ya kwana yana shiri, ya zo da niyyar gwada kansa da wadda ta fi shi Elo, daidai abin da ita ma ta zo nema a wajen wasu, sai aka hana shi. Kuma shi namiji ne, wato haɗin ranar ba ya ma cikin waɗanda take kuka da su. A ƙarshen wannan shekarar ya ci gasar ƙasa ta Indiya, amma har yau da yawa daga masu bin ces a wajen ƙasarsa da wannan motsi biyar suka san sunansa.

Dokokin FIDE sun ba kowa damar sallamawa a duk lokacin da ya so. Amma akwai sashe na 11.1, wanda ya hana ɗan wasa yin abin da zai zubar da mutuncin ces, kuma zubar da wasa da gangan yana cikin manyan abubuwan da ake nufi. Dalilin tsananin ba ɓoyayye ba ne. Daga waje babu mai iya bambance wasan da aka zubar don fushi da wanda aka zubar don an raba kuɗi a bayan fage. An yarda da Hou saboda ita ce Hou, kuma ta yi abin a fili ƙarara. Da wani mai 2400 da ba a sani ba ne ya buga g4 da f3 a zagayen ƙarshe ya ba wani maki, da maganar kora da dakatarwa ake yi.

Kuma tana da wasu hanyoyi. Tana iya rubuta ƙorafi a hukumance ta nemi a sake lissafin a gabanta. Tana iya sanar da alƙali tun daren da ya gabaci ranar cewa kada a saka ta a zagayen ƙarshe, a haɗa Lalith da wani, babu wanda ya samu maki kyauta. Tana iya buga wasanta har ƙarshe, sannan ta kira 'yan jarida. Mace ta ɗaya a duniya idan ta ce tana da magana, babu ɗan jaridar ces da zai ƙi zuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a wannan gasar dai, a zagaye na bakwai, ta buga ɗaya daga cikin wasanninta mafi kyau. Da baƙaƙe, a karonta da Borya Ider na Faransa, ta ba da sarauniyarta ta karɓi ƙananan 'ya'ya biyu, ba don tana ganin kisa a kusa ba, sai don ta hango cewa 'ya'yanta za su shaƙe allon har sarauniyar abokin karawa ta rasa aikin yi. Haka kuwa aka yi. Wasa ne da ya cancanci a riƙa tuna Jibralta ta 2017 da shi. Kwana uku bayan nan ita da kanta ta binne shi.

Rabon masu gasa

Duk da haka ba na ganin laifin ya tsaya a kanta ita kaɗai. Ta ce ta yi magana tun kafin ranar. Idan zakarar duniya ta zo ta ce haɗin nan bai kwanta mata ba, amsar “kwamfuta ce ta yi” gaskiya ce, amma ba ta wadatar ba. Wanda ke zargi ba injin yake zargi ba, mai riƙe da injin yake zargi. Abin da ke kashe irin wannan zargi shi ne a zaunar da mutum, a buɗe fayil ɗin gasar, a kira wani alƙali da ba ya cikin masu aikin ya zuba sakamakon a tasa kwamfutar, a danna, haɗin ya fito a gaban idonta. Aikin da bai kai rabin sa'a ba. Binciken da ya wanke gasar an yi shi ne a fili bayan wasan ya riga ya lalace, alhali kayan yinsa suna nan tun zagaye na huɗu, lokacin da kowa ya fara lura da jerin.

Akwai kuma abin da lamarin ya tona game da ilimin 'yan wasa kansu. Mutum zai haddace buɗi har motsi na ashirin da biyar, ya san ƙarshen wasa na hasumiya da soja kamar sunansa, amma bai taɓa zama ya karanta ƙa'idar da ke yanke wanda zai zauna gabansa gobe ba. Da yawa suna ɗaukar haɗi kamar wani abu da ke saukowa daga sama, shi ya sa idan ya zo musu a karkace sai zuciya ta tafi ga makirci. Hou mace ce mai ilimi, ta yi karatu a Jami'ar Peking, daga baya ta samu gurbin karatu na Rhodes zuwa Oxford. Idan irinta za ta kai ga zubar da wasa a kan abin da ake iya tantancewa da lissafi, to giɓin ba nata ba ne ita kaɗai, na yadda ake koyar da wasan ne da yadda alƙalai ke bayyana aikinsu.

Callaghan, a nasa ɓangaren, bai ɗauki abin da zafi ba. Ya nuna ya fahimci damuwarta, ya ɗauke shi a matsayin mummunar rana da ta faɗo wa babbar 'yar wasa, ya kuma nuna ƙofar gasar a buɗe take gare ta. Ina ganin sassaucin ya dace da mutumin da ya shafe shekaru yana jawo mata cikin gasarsa, duk da cewa waɗanda makin kyautar ya ture babu wanda ya maido musu da komai.

Abin da ya biyo baya

Gasar ta ƙare da Nakamura a sama, bayan ya yi kunnen doki a maki 8 da David Anton na Sifen da Yu Yangyi na Sin, ya doke su a wasannin raba gardama. Karo na uku ke nan a jere da ya ci Jibralta. Ju Wenjun ta ɗauki kyautar mata. Bayan kwanaki kaɗan aka buɗe gasar kambun mata a Tehran ba tare da Hou ba, Tan Zhongyi ta ci, sannan a 2018 Ju ta karɓe daga hannunta.

Hou kuwa ta samu irin wasannin da take nema, kuma ta nuna ba da baki kawai take neman su ba. A Afrilun 2017, a gasar Grenke ta Jamus, ta doke Caruana, ta yi canjaras da zakaran duniya na lokacin, Magnus Carlsen. Da bazara ta ci gasar Biel a Suwizalan, a gaban giranmastoci maza.

A watan Satumba ta shiga wata buɗaɗɗiyar gasar, a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan, da wasu masu shiryawa daban, wasu alƙalai daban. Zagaye huɗun farko, duka huɗun, mata aka haɗa ta da su. A zagaye na biyar ta nemi hutun da dokar gasar ta tanada, wanda ake ba mutum rabin maki ba tare da an saka shi a haɗin ranar ba, sannan ta dawo ta buga sauran wasanninta har ƙarshe.